Littafin algoridim mai shafi sama da 1,000: in ci gaba da shi ko in ajiye?

Sadiq:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a gaya mini gaskiya ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Wata takwas ke nan da na fara koyon furogiramin, wato rubuta manhajar kwamfuta, da yaren Python. Na iya rubuta ƙananan abubuwa. Na yi wata 'yar manhaja mai ajiye sunayen ɗalibai da makinsu, na yi wata mai karanto fayil ta fitar da jimla. Da yayana ya ga na dage, sai ya yi mini kyautar littafin nan Introduction to Algorithms na su Cormen da Leiserson da Rivest da Stein, bugu na 4 da ya fito a 2022, mai koyar da algoridim, wato matakan da kwamfuta ke bi ɗaya bayan ɗaya ta warware matsala. Ya ce duk mai son ya zama gwani sai ya bi ta cikinsa.

Babi na 1 da na 2 na wuce su lafiya lau. A babi na 3 na fara tangal-tangal, da na shiga na 4 kuwa sai komai ya tsaya mini cak. Sati uku ina juya shafukan nan. Babu kod ɗin da zan kwafa in gwada, lissafi ne zalla da hujjoji. A sati ukun nan ko layi ɗaya ban rubuta ba, kuma na fara jin kamar harkar nan ba tawa ba ce. Masu aiki da hannunsu a cikinku, wannan littafin ya taɓa amfanar ku? In daure in ci gaba, ko in ajiye shi?

Nura:
Wa alaikumus salam. Sadiq, ajiye shi. Yau ɗin nan.

Shekara shida ina gina manhajojin yanar gizo, da su nake riƙe da iyalina, kuma ban taɓa zama na rubuta algoridim ɗin jera lambobi da hannuna a wurin aiki ba. Kalma ɗaya nake kira, yaren ya jera mini. Abin da ya hana ni barci a shekarun nan daban ne: yadda zan karanta kod ɗin da wani ya rubuta ya tafi ya bari babu bayani, yadda zan yi aiki da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, ba tare da na goge aikin abokin aikina ba, yadda zan gane abin da kwastoma yake nufi alhali shi kansa bai gama sanin abin da yake so ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan a littafin nan.

Ka ce sati uku ba ka rubuta layi ɗaya ba. Wannan ita ce asarar. Koma kan manhajar ɗalibanka, ka ƙara mata shafin shiga da kalmar sirri, ka ɗora ta a intanet mutum biyar su yi amfani da ita, su kawo maka ƙorafi. Za ka koyi abin da babi goma ba za su koya maka ba.

Zainab:
Ina bayan Yaya Nura, kuma ina so in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini rai. Bara na kusa barin furogiramin gaba ɗaya saboda irin wannan. A wani zaure aka ce mini wanda bai karanta manyan littattafai ba ɗan kwafe ne kawai, ba injiniya ba. Na nemo littafin, na buɗe, na ga alamomin da ban taɓa gani ba a rayuwata, na rufe kwamfutata na yi wata biyu ban taɓa ta ba. Wallahi har kuka na yi. Daga baya na gano cewa wasu daga cikin masu cika bakin nan su ma ba su karanta shi ba, suna ajiye shi ne a kan tebur don a gani. An mayar da littafi sandar korar masu koyo, kuma wannan zalunci ne.

Hafsat:
Zainab ƙanwata, abin da aka yi miki bai dace ba, kuma na yi murna da kika dawo. Amma laifin masu sandar ne, ba na littafin ba. Marubutan da kansu sun faɗa tun a gabatarwa cewa suna sa ran mai karatu ya riga ya saba da rubuta kod, ya san aikin da yake kiran kansa da kansa, kuma ya iya bin hujjar lissafi. Don ɗaliban jami'a da masu aiki aka rubuta shi. Wanda ya miƙa wa ɗan wata takwas ya ce ya karance daga bango zuwa bango, niyyarsa kyakkyawa ce, lokaci ne bai yi ba.

Sai dai Nura, ba zan bari maganarka ta wuce haka ba. Bari in ba ku abin da ya same ni.

A wurin da na fara aiki, an ba ni in rubuta kod da zai kwatanta fayil biyu kowane dare: na kuɗin da aka ce an biya, da na kuɗin da ya shigo da gaske, a fitar da waɗanda ba su dace ba. Na yi shi yadda duk mai koyo zai yi. A ɗauki layi ɗaya daga fayil na farko, a bi fayil na biyu daga sama har ƙasa ana nemansa, a dawo a ɗauki na gaba. Lokacin layi 2,000 ne a kowane fayil, kwatance miliyan 4 ke nan, kwamfuta ba ta ko ji a jikinta. Aka yaba mini. Bayan shekara biyu harka ta buɗe, layuka suka kai 200,000. Wata safiya na zo ofis na tarar kod ɗina tun dare yana juyawa bai gama ba, masu lissafi sun zauna sun zuba tagumi suna jiran rahoto. Shawarar da aka fara kawowa ita ce a sayi babbar saba, wato kwamfutar da kod ɗin yake gudana a kanta.

Ni kuwa na ɗauki biro na yi lissafi. 200,000 sau 200,000, biliyan 40. Bayanai sun ninka sau 100, aiki ya ninka sau 10,000. Ko an sayi saba mai saurin ninki goma, 'yan watanni kawai za ta sayo mana. Wannan lissafin shi ne babi na 3 da Sadiq yake kuka da shi. Maganin kuma yana babi na 11, inda ake bayanin teburin hash: a zuba fayil na biyu cikin ma'ajin da yake lissafo gurbin kowane abu daga abin kansa, ta yadda nema ba ya buƙatar bin layi ɗaya bayan ɗaya. A Python shi ne set ko dict. Layi uku na canza. Aikin ya sauko daga biliyan 40 zuwa wajen 400,000, ya riƙa gamawa kafin in gama karanta saƙonnin safe.

Gaskiyarka ce Nura, ban rubuta teburin hash da hannuna ba, yaren ya riga ya tanada. Amma da ban san akwai bambanci tsakanin nema a jeri (list) da nema a set ba, har abada ba zan miƙa hannu in ɗauko shi ba.

Nura:
Hafsat, wannan da kika faɗa bidiyon minti goma a YouTube zai koya wa mutum shi. Jeri nema a hankali, set nema da sauri. Shi ke nan. Sai an ɗauki shafi dubu da wani abu?

Hafsat:
Bidiyon zai gaya maka amsar wannan matsalar guda ɗaya. Gobe wata ce za ta zo da fuska daban, wadda babu wanda ya yi mata bidiyo. Abin da na samu a littafin ɗabi'a ce: duk lokacin da na ga lup a cikin lup, wato kod mai maimaita aiki a cikin wani mai maimaitawa, hannuna yana tsayawa da kansa, in tambayi kaina, idan bayanan nan suka ninka sau ɗari me zai faru? Wannan ɗabi'ar ba kallo ne ya ba ni ita ba, tambayoyin ƙarshen babi ne da na zauna na warware da biro.

Malam Bashir:
Salamu alaikum. Na karanta duka, kuma kowa a cikinku yana riƙe da wani ɓangare na gaskiya. Na koyar da wannan fanni shekaru masu yawa, na ga irin Sadiq, na ga irin Zainab, kuma na yarda mu malamai muna da kaso a laifin.

Sadiq ɗana, fara da wannan. Shi irin wannan littafi ba labari ba ne da ake farawa daga shafi na ɗaya a bi har ƙarshe. Ko a jami'a ba a karantar da shi duka a zango ɗaya, malami zaɓar babuka yake yi. Akwai sassan da aka yi wa alamar tauraro, waɗannan na masu digiri na biyu ne, tsallake su ba abin kunya ba ne. Lissafin da ya tsayar da kai kuma, duba can ƙarshen littafin, akwai rataye da aka yi musamman don bitar tara jerin lambobi da ƙidaya da yiwuwa. Da yawa ba sa sanin yana nan.

Sannan Nura, ina so ka dubi wani abu game da kalma ɗayan nan da ka ce kana kira yaren ya jera maka. Abin da yake ƙarƙashinta a Python, asalinsa Tim Peters ne ya tsara shi a 2002, ana ce masa Timsort. Da me ya gina shi? Da dabaru biyu: jerawa ta hanyar cusa kowane abu a gurbinsa, da jerawa ta hanyar raba jeri a jera kowane ɓangare sannan a haɗe. Su ne ainihin biyun da Sadiq ya karanta a babi na 2 ya ce ya wuce su lafiya lau. Ta biyun John von Neumann ya tsara ta tun 1945. Wato yaron nan ya riga ya fahimci tushen abin da kake kira kullum.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya sa nake ganin darajar irin waɗannan littattafai. Ina da littattafan Python 2 a kan shiryayye na, tun 1 ga Janairun 2020 da aka daina tallafa masa suka zama tarihi. Na firemwok kuwa, wato kod ɗin da aka tanada don a gina manhaja a kansa, wasu ba sa shekara uku. Amma dabarar nemo hanya mafi gajarta da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 har yau ana koyar da ita yadda take, kuma ita ce tushen da masu manhajojin taswira suke ginawa a kai. Bugu na farko na littafin da ke hannun Sadiq ya fito a 1990, lokacin ko yaren Java ba a haifa ba, kuma mafi yawan abin da ke cikinsa bai tsufa ba. Dalilin da ya sa ba a rubuta shi da wani yare ba ke nan, aka yi amfani da kod na kwatance. Yaruka suna zuwa suna wucewa. Kai kalmar algoridim ɗin ma daga sunan Muhammad ibn Musa al-Khwarizmi aka samo ta, masanin lissafin da ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9.

Kabiru:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Amma ni tambayata ɗaya. Duk wannan maganar ta kafin Nuwamban 2022 ce, kafin ChatGPT ya fito. Yanzu in kod ɗina yana jan ƙafa, kwafe shi nake yi in liƙa wa ƙirƙirarriyar basira in ce gyara mini, cikin daƙiƙa kaɗan ta ba ni wanda ya fi sauri har da bayani. Matsalar Anti Hafsat da yau ta faru, da ba a kai ga biro ba. To me zai sa in ƙona wata shida a kan hujjojin lissafi?

Hafsat:
Kabiru, ni ma ina amfani da ita kullum, ba na ɓoyewa. Amma lura da abin da ka ce: in kod ɗinka yana jan ƙafa. Wato sai bayan ɓarna ta auku. Nawa shekara biyu ya yi yana aiki lafiya, babu abin da zai sa in kai shi gyara. Wanda ya sani tun ranar farko yake hango matsalar. Na biyu, idan ta ba ka amsa, da me za ka auna ta? Na sha ganin ta ba da kod mai kyan gani, da bayani mai gamsarwa, ga shi kuma da kuskure a gefen da ba a gwadawa: jeri babu komai a ciki, ko abu ɗaya tak, ko abu biyu iri ɗaya. Ranar da abin ya fashe a hannun kwastoma, kai za a kira, ba ita ba.

Kabiru:
Na ji wannan. Amma ai zan iya ce mata ta rubuta mini gwaje-gwajen ma.

Malam Bashir:
Za ka iya, kuma yana da kyau ka yi. Sai dai zuwa da kai ya fi aike. Bari in ba ku labarin da nake ba kowane aji, don ya shafi wannan kai tsaye.

Akwai dabarar nema da ake kira binciken raba-biyu. Idan jeri a tsare yake daga ƙarami zuwa babba, sai ka duba na tsakiya. In abin da kake nema ya fi shi, ka watsar da rabin farko, in bai kai shi ba ka watsar da na biyu, ka sake duba tsakiyar abin da ya rage. A cikin abu miliyan ɗaya, duba 20 ya ishe ka. A cikin biliyan ɗaya, 30. Yaron firamare zai gane wannan bayani. To amma an fara bayyana dabarar a 1946, aka ɗauki shekara fiye da goma kafin a wallafa wadda take aiki daidai ga kowane tsawon jeri. Jon Bentley, a littafinsa Programming Pearls na 1986, ya ba da labarin yadda yake ba ƙwararrun masu furogiramin wannan aiki su rubuta, kusan tara cikin goma sukan samu kuskure a nasu.

Labarin bai ƙare nan ba. A 2006 Joshua Bloch, wanda shi ya rubuta binciken raba-biyu na laburaren Java, wato tarin kod da yaren yake zuwa da shi, ya fito ya sanar cewa nasa yana da kuskure, kuma kuskuren ya yi wajen shekara tara a ɓoye. A layin nemo tsakiya yake: a tara lambar gurbin ƙasa da ta gurbin sama, a raba biyu. A Java lambar int, wadda ake ajiyewa a cikin bit 32 (gurabe 32 na sifili ko ɗaya), ba ta wuce 2,147,483,647. Idan jeri ya haura abu biliyan ɗaya, jimlar nan tana iya tumbatsa ta juye ta koma ƙasa da sifili, shiri ya rushe. Gyaran kuwa ɗan ƙarami ne: a debe ƙasa daga sama, a raba biyu, sannan a ƙara wa ƙasa. Kuma Bloch ya nuna cewa shi kansa misalin da ke littafin Bentley yana ɗauke da wannan kuskuren.

Nura:
Allah ya gafarta Malam, ai wannan hujjata ce ka kawo. Ga babban littafi, ga babban masani, an kafa hujja a takarda cewa kod ɗin daidai yake, kuma shekara ashirin yana ɗauke da kuskure. Wa ya gano? Ba mai biro ba ne, aiki ne na gaske ya yi girma har ya fasa shi. Abin da nake faɗa tun farko ke nan, a fagen aiki ake sanin gaskiya.

Malam Bashir:
Ka yi magana, Nura, ba zan musa ba. Hujjar da aka kafa a takarda ta ɗauka cewa lamba ba ta da iyaka, na'ura kuwa tana da ita. Littafi ba ya maye gurbin gwaji, kuma duk malamin da ya ce yana yi ya cuci ɗalibansa. Amma ka tambayi kanka, da shirin ya rushe, wa ya iya duba layi guda ya ce ga inda cutar take? Wanda ya san yadda ake ajiye lamba a cikin bit 32. Rushewar ta nuna akwai matsala, karatu ne ya nuna inda take.

Su kansu manyan marubutan ba su ce ba sa kuskure ba. Donald Knuth, wanda ya fara fitar da The Art of Computer Programming a 1968 kuma har yau bai gama ba, juzu'i na 4B ma a 2022 ya fito, ya sa ladan dala 2.56 ga duk wanda ya fara gano kuskure a littattafansa. Yakan kuma sa wa kowace tambaya maki daga 0 zuwa 50. Mai 0 nan take za ka amsa, mai 50 matsala ce da duniya ba ta warware ba tukuna lokacin da ya rubuta. Ina ambaton wannan ne saboda Sadiq da Zainab. Mai littafin da kansa yana gaya maka ba duk abin da ke ciki aka sa ran za ka iya ba. Kasa warware tambaya ba shaida ba ce cewa fannin ba naka ba ne.

Zainab:
Malam, da wani ya gaya mini wannan bara, da ban yi asarar wata biyu ba. Na gode. Amma har yanzu ina ganin ya kamata a daina ba sababbin shiga irin wannan littafi. Akwai ƙanana masu zane da misalai a Python. Da irinsu na dawo, sai da na ga hoton yadda ake raba jeri biyu da idona sannan abin ya zauna mini.

Hafsat:
A nan kam muna tare ɗari bisa ɗari. Ni ma ba da shi na fara ba.

Usman:
Akwai gefen da ba a taɓo ba, wato intabiyu. Ko mutum yana so ko ba ya so, manyan kamfanonin fasaha da yawa tambayoyin algoridim suke yi wa mai neman aiki. A ba ka matsala, ka warware a gabansu, sannan su tambaye ka yadda lokacin aikin zai ƙaru idan bayanai suka ƙaru. Na faɗi irin wannan sau biyu. Na farko haddace amsoshi na yi daga shafukan atisaye, da suka ɗan karkata tambayar sai na rasa ta cewa. Kafin na uku na zauna da babukan bishiyoyi da na zanen mahaɗa, wato hanyoyin tsara bayanai masu alaƙa da juna, na littafin nan wata uku, kullum awa ɗaya bayan na tashi daga aiki. Ban karanta ko rubu'insa ba, amma wannan karon da aka karkata tambayar na san daga inda aka ɗauko ta.

Nura:
Usman, wannan laifin masu intabiyun ne. Suna gwada mutum a kan abin da ba zai yi ba idan ya shiga.

Usman:
Wataƙila haka ne Yaya, amma ƙofar a hannunsu take.

Nura:
To bari in faɗi tawa, don kada a ce na ƙi gaskiya. Akwai ranar da rashin sanin nan ya cije ni. Muna da tebur a rumbun bayanai mai sunayen mutane masu yawan gaske. Na sa masa fihirisa a kan suna, wato wani jadawali na gefe mai saurara nema, nema ya koma kamar walƙiya. Sai aka ce a ƙara damar nemo suna da kowane ɓangarensa, ko tsakiya ko ƙarshe. Na rubuta, sai ga shi ya koma tafiyar hawainiya, alhali fihirisar tana nan. Kwana biyu ina zargin saba. Daga baya na karanta a takardun bayanin rumbun cewa irin wannan fihirisa ba ta taimakawa idan ba a san farkon kalma ba. Na gyara da wata hanya. Amma ku lura, a takardun bayani na samu, ba a littafin Sadiq ba.

Hafsat:
Takardun sun gaya maka ba ta aiki. Sun gaya maka dalili?

Nura:
Ban tsaya nema ba gaskiya, aiki yana jirana.

Hafsat:
Dalilin yana babi na 18. Fihirisar da rumbun bayanai irin PostgreSQL yake yi maka idan ba ka zaɓi wata ba, bishiyar B ce, haka ma MySQL da SQLite danginta suke amfani da su. Tana ajiye abubuwa a jere ne tun daga harafin farko, kamar ƙamus. Ce wa mutum ya nemo maka kalmomin da suka fara da "ma" a ƙamus, nan da nan zai buɗe wurin. Ce masa ya nemo waɗanda suka ƙare da "wa", dole ya bi kowane shafi. Wanda ya san siffar bishiyar nan, tun kafin ya rubuta layin zai san fihirisar ba za ta cece shi ba, kwana biyun nan da suna aljihunka. Kuma sanin nan guda shi zai gaya maka dalilin da ya sa idan fihirisa ta haɗa ginshiƙi biyu, wanda ka sa a gaba yana da muhimmanci.

Nura:
Misalin ƙamus ɗin ya shige ni, ban taɓa kallon abin ta nan ba. Zan duba babin. Amma ban janye maganata a kan Sadiq ba. Ɗan wata takwas ya rubuta kod, kada ya zauna yana kallon alamomi.

Malam Bashir:
Ban ce ka janye ba, ni ma abin da zan ce masa ke nan, da ƙari kaɗan. Sadiq, bar babi na 4 yanzu, zai jira ka. Koma kan manhajarka kamar yadda yayanka Nura ya ce. Amma ga jinga biyu. Na ɗaya, ƙirƙiri lambobi 100,000 a jeri, ka nemi wasu 100,000 a cikinsu, ka auna lokaci. Sannan ka mayar da jerin set, ka sake aunawa. Na biyu, binciken raba-biyu yana cikin tambayoyin babi na 2. Rubuta shi da kanka a Python, kada ka duba ko'ina, kada ka tambayi kowace na'ura. Ka dawo mana da abin da ka gani.

Sadiq:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya Nura, Anti Hafsat, da kowa da kowa. Yaya Zainab, maganarki ta sanyaya mini zuciya, na ɗauka ni kaɗai ne.

Na yi na farkon. Da jeri sai da na zauna ina kallon allo na mintuna, har na yi zaton kwamfutar ta maƙale. Da set kuwa kafin in ɗage yatsana daga madanni ya gama. Na sake sau uku don ban yarda ba. Na koma na buɗe babi na 3, abin da na yi sati ina karantawa ban gane ba, yanzu na san abin da ake nufi da a ce aiki yana ƙaruwa kamar n sau n, wato yawan bayanai sau kansa.

Na biyun ne ya ba ni matsala. Yana samo kowace lamba daidai, amma duk lokacin da na nemi ta ƙarshe a jerin, sai ya tsaya yana juyawa ba ya fita. Ga abin da na rubuta a wurin: idan lambar tsakiya ba ta kai wadda nake nema ba, sai in ce kasa = tsakiya. Na duba sau goma ban ga laifinsa ba.

Kabiru:
Na gano! In faɗa?

Malam Bashir:
A'a Kabiru, bar shi. Sadiq, rufe kwamfutar. Ɗauko takarda, rubuta jeri mai lamba biyu kacal, 3 da 7, ka nemi 7. A kowane zagaye rubuta nawa ne ƙasa, nawa ne sama, nawa ne tsakiya. Yi zagaye uku, ka turo mana hoton takardar.